Daga Bakin Gona Ake Ɗauko Labarin Sauyin Yanayi: Shawara ga 'Yan Jaridar Gaya da Ajingi

A ƙarshen shekarar 2021, lokacin taron sauyin yanayi na duniya a birnin Gilasgo, ministan harkokin wajen ƙasar Tuvalu, Simon Kofe, ya aika da jawabinsa yana tsaye a cikin teku, ya naɗe ƙafar wando, ruwa ya kai masa gwiwa. Tuvalu 'yan tsibirai ne a tekun Fasifik, mutanenta kimanin 11,000, kuma tudun da ya fi ko'ina bisa a ƙasar bai kai mita 5 ba. Tun a 2009 ma, shugaban tsibiran Maldibs na lokacin, Mohamed Nasheed, ya tara ministocinsa suka yi zama a ƙarƙashin ruwa. Mutanen tsibiri sun san abin da ke cin ƙasarsu, sun kuma samo hanyar nuna wa duniya shi, don gani ya kori ji.

Mu a Gaya da Ajingi ba mu da teku. Namu sauyin yanayin yana zuwa ne a geron da ya tsiro ya ƙone, da katangar ƙasa da ta sha ruwan dare ɗaya ta zube, da zafin bazarar da ke hana tsoho barci. Wani ƙanena da ke aika wa gidan rediyo rahoto daga Gaya ya same ni bayan ya dawo daga bitar kwana biyu a birni. Ya ce, "Yaya, an koya mana kalmomi da yawa, amma na rasa ta inda zan fara." Abin da na gaya masa shi zan shimfiɗa a nan, domin shi da 'yan'uwansa maza da mata, da kuma masu shirya musu horo.

Raba yanayin yau da ɗabi'ar shekaru

Kalmar "yanayi" a Hausa tana ɗauke da kaya biyu. Akwai yanayin yau da gobe: hadari ya haɗo, an yi ruwa, hazo ya sauka. Akwai kuma ɗabi'ar yanayin wuri, wadda masana ke aunawa da shekaru 30 a jere. Sauyin yanayi yana nufin wannan ta biyun. Damina ɗaya da ta yi gardama ba ta isa hujja ba, kamar yadda zazzaɓin kwana ɗaya bai isa a ce mutum mai yawan ciwo ne ba.

Ka iya bayanin sababin a numfashi ɗaya. Ƙona fetur da gas da kwal yana tara iskar kabon a sama, ita kuma tana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu adadinta kimanin 280 ne a cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, shi ya sa in ta tashi saukewa take saukewa da ƙarfi. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Da harshen manomi: ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin mako biyu sai ya zubo a dare ɗaya, sannan ya ɗauke.

Ka kuma san tarihi, don kada ka zaƙe. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1973, an yi na 1984. Daga shekarun 1990 ruwa ya farfaɗo a Sahel, amma salon saukarsa ya canja. Wanda ya hau rediyo ya ce kullum ruwa raguwa yake yi, dattijon da gonarsa ta kwanta cikin ruwa bara zai kashe akwatinsa.

Gwangwani da littafi

Wannan darasin da zafi na koye shi. Wata shekara, farkon shigata aikin, aka yi ruwa mai kyau a watan Mayu. Ina zaune a birni na rubuta cewa damina ta zauna, aka karanta a labaran yamma. Bayan mako uku na je wani ƙauye a gabashin Kano, wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Ya durƙusa ya tone rami ɗaya da yatsa, ya ɗago tsiron gero ya ɗora a tafin hannuna, ya bushe ya zama kamar zare. Ya ce, "Ɗana, iri na ƙarshe ke nan a gidana. Mun ji ku kun ce ta zauna." Bai yi mini faɗa ba. Har yau ina jin nauyin wannan tsiron.

Da na san ƙa'idar da masana noman Sahel ke amfani da ita, da ban yi wannan ɓarna ba. Ba a cewa damina ta zauna sai an samu ruwa kimanin milimita 20 cikin kwana biyu ko uku, kuma ba a samu ɗaukewar da ta wuce mako guda ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ka ga ke nan ran da aka yi ruwan farko babu mai iya yanke hukunci. Abin da za ka iya faɗa shi ne nawa aka samu, da abin da hasashe ya nuna na kwanaki masu zuwa.

Don haka ka mallaki ma'aunin ruwan sama, ko da na gwangwani ne. Nemi gwangwani miƙaƙƙe wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka yanke murfin tsaf. Kafa shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo. Kullum da safe, a lokaci guda, ka tsoma rula ka karanta, ka rubuta kwanan wata da adadin, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifili, domin kwanakin sifilin su ne rabin labarin. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda.

In ka samu malamin makaranta a Kademi, da wani a Shagogo, da wani a Toranke, da wani a Balare, kowa da gwangwaninsa, cikin damina uku za ka mallaki abin da babu wani ɗan jarida a birni da yake da shi. A bayan littafin ka riƙa rubuta farashin kwanon gero da dawa da wake duk ranar kasuwa. In ka haɗa shafin ruwa da shafin kwano, labari zai fito da kansa.

Yadda ake tambayar mai ɗaki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka iya tambaya. Kada ka miƙa wa manomi makirfo ka ce, "Baba, yaya sauyin yanayi ya shafe ku?" Zai ba ka amsar da yake zaton kana so. Tambaye shi abin da yake iya ƙirgawa. Sau nawa ka yi shuka bana? Dami nawa wannan gonar take bayarwa lokacin mahaifinka, nawa ta bayar bara, kuma taki nawa ka zuba? Har yanzu kana yin binne? Me ya sa ka bar maiwa, ko me ya sa ka riƙe ta? Yaushe ka fara ganin shamuwa bana? Dattawan da ke lissafin damina da taurari, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, za su gaya maka a wane tauraro ruwa ya saba yin ƙarfi, da ko lissafin yana nan daram. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai tunanin ɗan'adam yakan ƙawata jiya, don haka ka gwada maganarsu da alƙaluman hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da na malaman jami'a.

Rabin labarin kuma yana cikin gida, inda ba ka shiga. Mata ne suka san nawa ake sayen itacen girki, gaba nawa igiyar guga ta ƙaru, wane wata rumbu yake ƙarewa, da yadda yara suka kwana a daren da ɗaki ya faɗi. Ƙanwata 'yar jarida, wannan fagen naki ne. Ki yi sallama ki zauna a tabarma, ki bari a gama daka, ki nemi izini kafin ki kunna waya. Kada kuma a manta da makiyayi a ruga: shi ya san burtalin da aka nome da tafkin da yake ƙafewa tun kafin hunturu ya fita.

Ruwa ba ya tsami banza

A damina ta 2022 ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya, ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da muhallansu. A nan Ajingi ma hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta tabbatar da rushewar ɗaruruwan gidaje da asarar rayuka. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bincika suka ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan damina ƙarfi da kimanin kashi 20 cikin 100 a yankin tafkin Chadi. Wannan gaskiya ce, ka faɗe ta. Amma ruwan sama shi kaɗai ba ya rusa gari. Ka tambaya: wa ya cike kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa? Wa ya ba da fili a kan hanyar ruwa? Yaushe rabon a yashe magudana? Kwalbatin da aka ba da kwangilarsa, ina yake? In ka jingina komai ga sauyin yanayi, ka wanke wanda ya yi sakaci da hannunka.

Ka san koginka. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. A samansa akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992, duka a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. In jita-jita ta tashi cewa an saki ruwan Tiga, hukumar za ka kira kafin ka buɗe baki. Madatsar Lagdo ta Kamaru kuwa a kan kogin Binuwai take, ruwanta ba ya biyowa ta ƙasar Kano ko kusa. Haka tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016, kada ka jingina ta ga sauyin yanayi, baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Kowace cuta ka kira ta da sunanta, sai a san maganin da za a nema.

Hasashe ba duba ba ne

A farkon kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran saukarta, tsawonta, da inda ake fargabar ɗaukewar ruwa a tsakiya. Hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma tana fitar da hasashen ambaliya, tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Nemi takardun biyu, ka duba layin Gaya da na Ajingi, ka kai wa malamin gona na hukumar raya noma ta jiha, KNARDA, ya fassara maka abin da suke nufi ga mai gero da mai gyaɗa.

Wajen isar da shi ka kula da zuciyar mai sauraro. Jama'armu sun san gaibu na Allah ne, kuma suna da gaskiya. Ka bayyana musu cewa hasashe kamar ganin hadari ne a gabas a ce a kwashe shanya: lura ce da alamu, ana iya dacewa, ana iya kuskure. In an ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ka ce a irin wannan rana, sau shida cikin goma akan yi ruwa, sau huɗu ba a yi. Kada ka mai da "ana sa ran" ya koma "za a yi". Ka gayyaci limamin gari cikin shirinka. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da tanadin hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari, ta ishi kowa hujja cewa shiri ba ya karo da tawakkali.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Labarin da ya zo bayan ɓarna ta'aziyya ce. Ka tsara shekararka yadda manomi ya tsara tasa. A watan Maris da Afrilu ka yi maganar hasashe, da zafi, da inda ake samun iri mai saurin nuna, kamar geron Sosat, ko irin dawa da wake da gyaɗa da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar. A Mayu da Yuni ka bi sawun shuka da yashe magudanai. Yuli da Agusta na ambaliya ne da kwalara da zazzaɓin cizon sauro. Da kaka ka auna amfanin gona da farashi da ajiya. Da rani ka leƙa fadama, ka ƙirga motocin gawayi da matasan da suka tafi cirani.

Zafin bazara ma labari ne, ko da yake ba ya rusa katanga. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana sun ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba. Ka je asibiti ka tambayi ma'aikatan jinya abin da suke gani a irin waɗannan makonni, ka gaya wa jama'a yadda za su kare tsofaffi da jarirai.

Bi sawun kuɗi, ka ƙirga itatuwa

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, shi ya sa ake turo kuɗin tallafi da rance da sunan talakan karkara. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin farfaɗo da ƙasar noma mai suna ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kano tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007. Akwai kuma asusun kula da muhalli da ake ware wa jihohi da ƙananan hukumomi. Haƙƙinka ne ka tambaya: me aka ware wa Gaya da Ajingi, wa aka ba aikin, yaushe zai ƙare? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardarka. Ka rubuta, ka ajiye kwafi mai hatimi.

Ranar bikin dashen itatuwa kowa yana zuwa. Kai ka koma bayan shekara guda, a tsakiyar bazara, ka ƙirga waɗanda suka rayu, ka tambayi wa yake ba su ruwa, wa yake kare su daga awaki. Ka kuma kawo labarin abin da ya yi aiki. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sassabe shi, abin da suke kira sassaben zamani. Ta haka Nijar ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Nemi manomin Gaya da ya bar gawo a gonarsa, ka sa shi ya faɗi da bakinsa yadda geron gindin gawo yake bambanta da na fili.

Ranar da ruwa ya ci gari

Kada ka shiga ruwa mai gudu don ɗaukar hoto, kada ka hau kwalekwalen da aka cika maƙil. Adadin mamata da na gidaje ka karɓe shi daga bakin biyu ko uku, dagaci da SEMA da asibiti, kuma ka faɗi wanda ya ba ka. Bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp ko Facebook, kada ka yaɗa sai ka san garin da ranar, domin na shekarun baya yakan dawo duk damina. Kada ka nuna gawa. Wanda ya rasa ɗansa, ka fara yi masa ta'aziyya, in ya ce ba zai yi magana ba ka ƙyale shi. Bayan wata uku, lokacin da motocin agaji suka daina zuwa, ka koma ka ga inda mutanen suke kwana.

Ga masu shirya horo

Ku kawo bitar inda matsalar take. Zauren taro a Gaya ya wadatar, kuma rabin lokacin a yi shi a gona da bakin fadama. A koyar da Hausa, a zauna tare a daddale kalmomin da za a riƙa amfani da su a iska. Malamai suna kusa: Jami'ar Aliko Ɗangote tana nan Wudil, Jami'ar Tarayya tana Dutse, Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa da cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ku zaunar da sarkin noma da ardo da ungozoma a sahun masu koyarwa. Ku ware wa mata rabin kujeru. Ku gayyaci editoci, domin su ne masu ba rahoto fili ko su danne shi. A yi zama uku, ɗaya kafin shuka, ɗaya a Agusta, ɗaya da kaka, kowa ya zo da rahoton da ya yi a saurara a gyara. Kuɗin da za a kashe a otal a mai da shi kuɗin mai da ma'aunin ruwa, don kada ɗan rahoto ya dogara da ambulan wanda zai bincika.

Kai kuma ƙanena, kada ka jira sai an sake kiran ka bita. A makon nan ka samo gwangwani da rula da littafi, ka karɓi lambar malamin gona da ta dagatai biyu da ta jami'in SEMA. Watan Mayu na tafe. Za a yi ruwan farko da dare, gari ya waye da ƙanshin ƙasa, wani magidanci a bayan Ajingi ya rataye rediyonsa a reshen marke, ƙwaryar iri a hannunsa, yana jiran ya ji abin da za ka ce. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka tabbata abin da kunnensa zai ji daga bakinka, ka auna shi da hannunka.